Shekarar da Uwarku ta Rufe Ƙofa

Hadiza ce ta sa na ware wa shekarar nan wuri nata daban a cikin tarihina. Ta je biki Zurmi ta dawo ranta a ɓace, ta same ni a zaure ta ce wata tsohuwa cikin dangin kakarsu ta nuna ta da baki a tsakar mata, ta ce ai wannan ita ce ɗiyar matar nan da ta fifita takarda a kan gawa. Ba ta iya tambayar uwarta ba, ni ta tambaya. To ga amsar, ke da 'yan uwanki duka. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ga abin daga farko har ƙarshe, uwarku kuwa ko za a yi yaya da ita ba za ta buɗe baki ta kare kanta ba.

Ku kun buɗe ido kun ga uwarku Luba cikin farin kaya, ana sallama a ƙofar gida ana neman unguwarzoma, sai kuke zaton da haka aka haife ta. A lokacin da nake ba ku labari matar gida ce mai 'ya'ya uku, a gidanmu na Kaura, tare da Inna mahaifiyata da yayana Sani da iyalinsa. Ni ina fataucin hatsi, Alhamis ina Shinkafi, sauran ranaku ina duk inda aka ce gero ya yi sauƙi. Luba ta gama sakandare kafin aurenmu, ta jefa takardunta ƙasan akwati ba ta ƙara waiwayarsu ba, sai da ƙanwarta ta rasu. Naƙuda ce ta zo mata da gardama a Galadi, aka ɗora ta a babur za a kai ta Shinkafi, rai ya yi halinsa a hanya. Bayan an share makoki Luba ta ce mini tana son ta koyi aikin unguwarzoma a makarantar da ke Gusau. Na ce to, don a zatona zafin rashi ne, zai huce. Bai huce ba. Ta zauna jarrabawar shiga ta faɗi, shekara ta zagayo ta sake zama ta sake faɗuwa, har matan unguwa suka fara ce mata likita in ta wuce, suna dariya ƙasa-ƙasa.

Inna ba ta ƙi karatu ba, abin da ta tsana a duniya shi ne wahalar banza. Mace ce gajera mai kaifin harshe, wadda ko ni da gemuna in ta kira sunana da wata irin murya sai na bar abin da nake yi na taho da sauri. Ta kira mu mu biyu ɗakinta ta yanke hukunci.

"Shekara guda nib ba ki," in ji ta. "In kin ci, Allah shi sa albarka. In ba ki ci ba, ki tattara littattahwan ga ki ba yara, ki zamna ki riƙa ɗiyanki. Ba ni son a mai da gidana abin dariya."

Luba ta ce ta gode, ta tashi. Ni na ɗauka washegari zan gan ta ta rungumi littafi ba ji ba gani. Sai na ga akasin haka. Ta yi kwanaki ba ta taɓa ko takarda ɗaya ba, tana aikinta na gida kamar kullum, sai dai na lura ta yi shiru da yawa, tana bin komai da ido. Da na gaji na tambaye ta ko ta haƙura ne, ta ce a'a, tana neman inda yininta yake zurarewa ne. Ta ce ta gano ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba. Shekara biyu tana ba karatu ragowar yini, bayan ta gama daka da wanki da girki, lokacin da idonta ke kallon layi ɗaya yana komawa farko. Lokacin da kanta yake garau kuwa, daga asuba zuwa hantsi, a ɗakin Inna take ƙarar da shi.

Sai na yi muku bayanin safiyar gidanmu kafin ku gane girman abin da ta taɓa. In an sallame asuba, surukan gida kan je ɗakin Inna su durƙusa su gaishe ta, kuma ba gaisuwar tsaye ba ce. Zama ake yi. A kawo koko, maƙwabta su fara shigowa, wannan ta zo da labarin haihuwa, waccan da na rashin lafiya, a yanke wa za a je wa barka, wa za a je wa jaje. Ba a watsewa sai rana ta take. A nan ake auna tarbiyyar suruka, wadda ta fi daɗewa a tabarma ita ce mai ladabi. Inna ta yi wa uwar mijinta haka har tsohuwar ta koma ga Allah, kuma a ganinta lokacin da za a rama mata ne ya zo.

Wannan zaman Luba ta ce za ta bari. Tsarin da ta yi ba shi da wani abin mamaki in ka ji shi a baki. Aikin safe duka ta mai da shi yamma: ta jiƙa gero, ta cika randuna, ta ware kayan makarantar yara tun kafin magariba, yadda da safe ba abin da zai nemi hannunta. Da asuba ta je ta durƙusa ta gaida Inna, ta tashi nan take, ta shiga ɗan ɗakin da nake tara buhuna, ta ja ƙofa. Littafi ɗaya take shiga da shi, kuma wanda ta fi tsoro, sauran ta bar su a akwati don kada ta gudu wurin mai sauƙi. In rana ta kai bakin taga sai ta rufe, ko da karatun yana mata daɗi, ta ce gara ta tashi da sauran marmari gobe ta dawo da gudu. Ran Juma'a ba ta shiga ko kaɗan. Shirya yara kuwa a kaina ya faɗo, na koyi ɗaura ɗankwalin Hadiza a karkace, abokaina na tasha suka raɗa mini suna mijin malama.

Gida ya ɗauki zafi. Maƙwabta suka shiga tambayar ko amaryar boko ba ta da lafiya ne, Inna tana amsawa da ƙyar. Wata ta je har ƙofar ɗakin buhuna ta yi sallama, Luba ta amsa daga ciki ta ce ta yi haƙuri za ta zo gidanta da la'asar. Ta kuwa je, ta yi gaisuwa mai kyau har da ɗan goro, amma kafin la'asar ɗin labari ya riga ya gama unguwa cewa matar Bello ta fi ƙarfin fitowa. Inna ta daina amsa gaisuwarta da baki, sai da ka. Ranar da abin ya kai mata iya wuya ta tare ni ina shirin fita, ta ce shekara ta ba matata, ba ta ba ta izinin cin fuska ba, in buɗe ƙofar nan ko ita ta sa a cire ta.

Hankalina ya rabu biyu. Ban taɓa tsallake maganar Inna ba, kuma na ga abin da Luba ta gani, don a 'yan makonnin nan fuskarta ta canza, ta daina wannan kallon na wanda ake bi bashi. Na je na gaya mata yadda muka yi, ina inda-inda. Ba ta yi gardama ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce in bar ta da Inna, ai dama tana da buƙata a wurinta. Ashe akwai rabin tsarinta da ya ƙi tafiya. Ta yi niyyar duk abin da ta karanta da safe ta maimaita wa wani da yamma, da Hausa, littafi a rufe, don ta tabbatar ya zauna. Ni ta fara gwadawa, ni kuwa duk abin da ta faɗa sai in ce haka ne, madalla. Ta ce mini da ni da turmi ba mu da maraba a wannan aikin, turmin ma ya fi ni don shi ba ya gyangyaɗi.

Da la'asar ta ɗauki tabarma ta je ta zauna gaban Inna. Ta ba ta haƙuri, ta ce gaisuwar da take gajartawa da safe tana roƙon a bar ta ta biya da yamma, kuma tana neman wanda zai saurari karatunta ya gaya mata gaskiya. Inna ta dube ta sama da ƙasa, ta ce to ta ji, ta faɗa mata abin da ke cikin littafin nan da ya fi gaida mutane. Luba ta ce yau a kan ɗan da ke cikin ciki ta karanta. Nan Inna ta kore ni, ta ce maganar mata ce. Na fita, amma iyakata bayan danga.

"To gaya mini," na ji Inna ta ce, "ɗan da ac cikin ciki, da mi shika shan iska? Ba taga ba ƙohwa."

Luba ta fara zuba, kalma ɗaya Hausa biyu Turanci, tiryan-tiryan kamar mai tilawa. Inna ta bari ta kai aya.

"Ban gane ba. Sake hwaɗi."

Ta sake, ta ɗan canza kalmomi. Inna ta ce har yanzu ba ta gane ba, kuma a ganinta mai faɗin ma ba ta gane ba, haddacewa ta yi. Na yi tsammanin uwarku za ta ji haushi. Sai na ji ta yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba, ta ce wallahi Inna ta yi gaskiya. A daidai wannan wurin, in ji ta daga baya, ta san abin da ya kayar da ita har sau biyu. Tana iya maimaita shafi guda ba tuntuɓe, amma in aka juya tambayar ta wata fuska sai ta tsaya cik.

Washegari ta shiga ɗakin buhuna da tambayar Inna kaɗai. Da yamma ta dawo, ta ja Inna zuwa gindin randa, ta sa ta shafa bayanta. Ta ce Inna ta ga randar ba ta fashe ba, amma ga damshi a waje. To haka jinin uwa yake ɗauko iska daga huhu ya kai ta mabiyiya, a can ta tsattsafa ta shiga jinin ɗa ta bi cibiya, ba tare da jinin biyu sun gauraya ba. Inna ta dubi damshin da ke tafin hannunta. Mace ce da ta haifi tara ta binne huɗu, ba wanda ya taɓa zama ya gaya mata abin da ke faruwa a cikin jikinta. Ta ce to yanzu ta ji magana, gobe kuma me za a karanta.

Daga ranar zaman la'asar ya kafu. Inna ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, kuma ba ta taɓa yin kamar ta sani ba. Makaminta guda ne, ba ta cewa ta gane in ba ta gane ba. Lissafi ne, ko maganar gishiri da ruwa, ko yadda abinci ke narkewa, sai Luba ta nemo masa misali a madafa ko a gona kafin a sallame ta. Wani lokaci su kwashe yamma biyu a kan abu ɗaya, Inna tana tsaki tana cewa waɗanda suka rubuta littafin ne ba su iya magana ba. Abin da Inna ta ƙi ganewa da yamma, shi Luba ke buɗe safiya da shi. Ta haka kullum ta san inda za ta dosa tun kafin ta ja ƙofa, ba ta ɓata lokaci wurin laluben inda za ta fara.

Ban san ranar da Inna ta yanke shawara ba. Na dai fito wata safiya na tarar ta sa an kai tabarmarta da butarta ƙofar ɗakin buhuna, ta zauna ta jingina da bango, carbi a hannu. Zaman safe ya tashi daga ɗakinta ya koma can, sai dai yanzu da sharaɗi: a yi magana ƙasa-ƙasa. Duk wadda ta tambayi Luba, amsa ɗaya ce, tana aiki, ki ba ni gaisuwar in aje mata. Matan da suka yi ta zuga ta jiya suka yi tsuru-tsuru, don ba mai iya cewa tsohuwa ba ta san al'ada ba. Har ni sai da ta taɓa korata, na zo ɗaukar igiya, ta ce igiyar ba za ta gudu ba kafin hantsi. Na tsaya ina kallon matan nan biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje, na ji wani alfahari ya cika mini ƙirji. A shekarar ne ni ma na daina tsayawa shan shayi da hira in na isa kasuwa, na koma zagaya buhuna tun da sanyin safiya ina duba hatsi da idon da bai gaji ba, hirar na bar ta sai an tashi.

Ana cikin haka Hajiya Babba ta zo daga Zurmi. Yayar Inna ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ta, ita ta raka ta ɗakin miji, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. In Inna wuta ce, Hajiya Babba gobara ce. Ta sauka a motar farko ba tare da aike ba, ta shigo ta tarar da ƙanwarta zaune a ƙofar ɗakin buhuna. Aka yi murna, matar Sani ta zo ta durƙusa, ni na durƙusa, yara suka zo. Ta waiga ta ce ina matar Bello. Inna ta ce tana ciki tana aiki, in rana ta ɗaga za ta fito. Luba ta ji muryar baƙuwa, na ji motsinta ta taso za ta buɗe, Inna ta sa hannu ta baya ta riƙe ƙofar.

"Koma ki zamna, ni nis sa ki," ta ce da ita. Sannan ta juyo. "Yaya, ki yi haƙuri. In nib buɗe miki yau, gobe ba ni da bakin hana kowa."

"Ni ak kowa?" in ji Hajiya Babba.

Ta miƙe tsaye. Ta ƙi koko, ta ƙi ruwa, ta yafa mayafinta ta ce in kai ta tasha. Na yi roƙo har na gaji. Da Luba ta fito da hantsi baƙuwa ta yi nisa. Ta yi kuka ta ce a bar ta ta bi ta Zurmi ta ba da haƙuri, Inna ta ce faɗansu ne na 'yan uwa, sun saba tun suna yara, in an gama jarrabawa za su je tare su durƙusa. Na kai saƙon ban haƙuri da kaina, Hajiya Babba ta karɓi gaisuwata ta ƙi karɓar saƙon. Inna ba ta nuna komai a fuska ba, amma na sha ganinta da yamma ta zuba wa ƙofar gida ido in ta ji tsayuwar mota.

Jarrabawa ta zo cikin damina. An shirya Luba za ta tafi Gusau ana gobe za a fara, ta sauka gidan kawunta. Ko a ranar tafiyar ba ta fasa tsarinta ba, ta ce za ta yi safiyarta ta ƙarshe ta bi motar hantsi. Ta gaida Inna ta shiga ta ja ƙofa. Na dawo daga masallaci ke nan na tarar da babur a ƙofar gida, ɗan Hajiya Babba yana tsaye jikinsa duk laka. Ya ce tsohuwa ta cika cikin dare, ba wata jinya, za a kai ta da hantsi, a zo da Inna yanzu in tana son ta gan ta.

Na shiga cikin gida. Inna tana kan tabarmarta a ƙofar ɗakin. Na durƙusa na faɗa mata a kunne. Ta runtse ido, na ga leɓenta yana motsi tana salati, hannunta ya damƙe carbi har jijiyoyi suka tashi. Na ce ta tashi mu tafi, ga babur, zan nemo mota. Ta buɗe ido ta dubi ƙofar da ke bayanta. Ku gane, in ta tashi daga wurin nan, ko aka ji kuka a gidan, Luba za ta fito. In ta fito ta ji, ba ta da hanyar zuwa Gusau. Surukar gida ce, kuma a kanta aka yi ɓacin ran, dole ta je Zurmi ta zauna makoki, jarrabawa ta wuce, shekarar da aka ba ta ta ƙare.

"Ka ce mishi shi wuce, muna tahe," Inna ta ce a hankali. "Ka gaya ma matar Sani, wadda duk tay yi kuka kahin yarinyar ga ta hita, ban yahe ba."

"Inna, za a kai ta ba ki gan ta ba."

"Na sani, Bello."

Haka ta zauna. Maƙwabta suka shigo gaisuwa kamar kullum, ta amsa musu, ta tambayi lafiyar yaransu, ta karɓi gaisuwar Luba ta ce za ta aje mata. Ni na kasa tsayawa a tsakar gida, na koma zaure ina share hawaye da hannun riga. A rayuwata ban ga safiya mai tsawon wannan ba, kuma ban ga ƙarfin hali irin na tsohuwar nan ba, ko a wurin maza. Da rana ta kai taga Luba ta fito da jakarta, fuskarta a sake. Ta durƙusa, Inna ta dafa kanta ta sa mata albarka, ta ce in an tambaye ta abu ta amsa kamar ita take wa bayani. Luba ta lura idon Inna ya yi ja, ta tambaya, Inna ta ce hayaƙin murhu ne. Na kai ta tasha ina yi mata hirar farashin dawa, na sa ta a mota, na tsaya har ta ɓace.

Tun daga bakin layi na jiyo kukan Inna da na dawo. Muka kama hanyar Zurmi cikin taɓo, muka isa maza suna dawowa daga maƙabarta. Inna ta shiga ɗakin yayarta ta tarar da shimfiɗa a naɗe. A wurin makoki aka tambayi matar Bello, wani ya ce ta tafi jarrabawa, magana ta tashi daga nan. Inna ta miƙe a tsakar mata, ta ce ita ta hana a gaya mata, ita kuma ta riƙe ƙofa ranar da Yaya ta zo, mai jin haushi ya ji nata. Sun ji ta sarai. Amma ɗora laifi a kan bare ya fi sauƙi a kan ɗora shi a kan tsohuwar da ke cikin rashi, shi ya sa har yau wasunsu suke riƙe da abin da Hadiza ta jiyo.

Luba ta dawo daga Gusau ta tarar da tabarmin gaisuwa a tsakar gida. Da ta ji abin da ya faru jakar hannunta ta faɗi. Ta yi kuka kamar ranta zai fita, ta yi fushi da ni na kwanaki, ta ce na dube ta ido cikin ido ina mata zancen dawa. Inna kuwa ba ta ba ta haƙuri ba, ta ce ko ta zauna Yaya ba za ta tashi ba. Washegari suka tafi Zurmi tare, Luba ta durƙusa ɗaki-ɗaki, wasu suka amsa wasu suka juya kai. Bayan haka gidan ya yi tsit. Ba karatun safe, ba zaman la'asar, kowa yana jira, kuma ba mai son ya ambaci abin da ake jira. Inna ta rame. Ni tsoro ɗaya ne ya hana ni sukuni, kada a ce duk wannan an yi shi ne a kan faɗuwa ta uku.

Da kaka aka ce sunaye sun fito. Luba ta ce ƙafarta ba za ta kai ta ba, ni na je Gusau. Na kutsa cikin mutane na bi da yatsa, na ga sunanta, na sake bi don kada idona ya yaudare ni. Da na dawo Kaura ban nufi ɗakinmu ba, ɗakin Inna na fara shiga, Luba ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa tambaya. Na durƙusa na ce Inna, ta ci.

Inna ba ta yi guɗa ba, ba ta yi murmushi ba. Ta ce a ba ta ruwa. Luba ta ɗebo ta miƙa mata, Inna ta sha ta aje kwanon a hankali.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ashe ba banza nih haɗiye kukan Yaya ba."

Sai ta jawo uwarku ta kwantar da kanta a cinyarta, suka yi ta kuka su biyu, ni kuma na fita na ja musu labule.